Masar Hajiya da 'yar takardar cikin leda

Ni tela ne, shagona yana Dilimi, kuma na fi shekara ashirin ina karya kumallo a waje, don shida da rabi ta safe a hanya take samuna. Saboda haka in ana zancen masa a garin Jos ina da bakin magana. Na ci ta Bauchi Road, na ci ta 'Yan Taya, na ci irin wadda ake kawowa tasha a ƙulle cikin leda har ta yi gumi ta saki jiki. Wadda zan ba ku labarinta tana wani layi ne a cikin Rikkos. Keke ba ya shiga har ƙofar, sai ka sauka ka ɗan taka. Babu allon suna, babu fenti. Rumfar kwano ce a jikin gida, da tebur uku, da tanda biyu a kan murhu. Ka ce wa duk yaron da ka gani a layin kana neman wurin masar Hajiya, zai kai ka.

Ranar farko ba ni na je ba. Cikin Disamba ne, irin sanyin nan namu da almakashi ke ƙin zama a hannu, na aiki yaron shago ya samo mana abin karyawa. Da na buɗe ledar sai ga wata 'yar takarda, ba ta kai tafin hannu ba, gefenta ya sha mai. An rubuta: "Yaya zuciyarka yau? In ta yi nauyi, akwai benci a bayan rumfa. Shayi kyauta ne." Na ɗauka tallar mai maganin gargajiya ce, ko kuma sabon salon 'yan siyasa. Na jefa ta cikin buhun ƙyallaye na ci masata.

To, masar dai ita ta mayar da ni. Hajiya da shinkafar tuwo take ƙullunta, kuma tana barinsa ya kwana ya tashi da kansa, ba ta cika masa yis don gaggawa. Shi ya sa za ka ji 'yar tsamin nan mai daɗi a ƙarshen harshe, ba zaƙin sukari zalla ba. Bayan masar ja ne, yana ƙaras in ka gatsa, cikinta kuwa fari tas, huda-huda kamar saƙar zuma. Da man gyaɗa take suya, ba ta maimaita shi har ya yi baƙi. Duk mai cin masa ya san bambancin, wadda aka soya da tsohon mai sai azahar tana dawo maka a maƙogwaro. Miyar taushen akwai kabewa ta gaske da gyaɗa, da alayyahu da yakuwa daidai misali. Wani lokaci gishirin yakan zarce, musamman ranar da ƙaramar 'yar ce ta ɗora tukunya, na kuma faɗa mata ido da ido, ta ce Baba Tela ai harshenka ne ya tsufa. Yajin ƙulin kuwa ban da abin cewa a kansa. Na taɓa roƙon a sayar mini da kwalba guda, aka ce ba na sayarwa ba ne, aka ɗiba mini kyauta a takarda.

Masa guda naira 100 ce a zuwana na ƙarshe. Shayi da madara 500, baƙi mai citta da kanumfari 300. Ranar Asabar da Lahadi suna gwaten acha, da gauta da ƙashi mai taushi, kwano 1,000. Gwaten yana da kyau amma ba shi ne gwanintarsu ba, na ci wanda ya fi shi a Bukuru. Wanda ya zo bayan ƙarfe tara da rabi, sai dai ya kalli tanda ana wankewa.

Sai da na yi kusan wata biyu ina zuwa kafin na san dalilin takardar. Maigidan ne ya ba ni labari, wanda kowa ke ce wa Baba, tsohon direban babbar mota, shi ke kan tukunyar shayi. Hajiya ta fara masa tun suna da 'yar rumfa a gefen babbar kasuwar Taminus, gobarar 2002 ta tashe su, ta dawo ƙofar gida. Da kuɗin masar nan aka yi wa yara biyar makaranta. Na ukunsu, namiji, shi ne ya rasu shekarun baya, yana da ashirin da 'yan kai. Shi ya kashe kansa. Baba ya faɗi kalmar haka nan, yana zuba ruwan zafi a kofi, ni ne ma na rasa inda zan sa idona.

Ya ce shekara biyu suna ce wa mutane gajeriyar rashin lafiya ce. Kuma abin da ya fi cinsa, wannan ba shi ne yunƙurin yaron na farko ba. An taɓa cetonsa sau ɗaya, aka rufe maganar a cikin gida, ko ƙanin Baba bai ji ba. Kunya na ciki, tsoron kada a ƙi auren 'yan'uwansa mata na ciki, sannan akwai tsoron hukuma, domin a dokar Penal Code da Arewa ta gada, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira mai laifi ne, ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya. Wa zai ɗauki ɗansa ya kai asibiti yana tunanin daga can sai ofishin 'yan sanda? Suka yi abin da yawancinmu za mu yi. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka ce sammu ne, aka zargi wata maƙwabciya da ba ta ji ba ba ta gani ba. Aka yi ta ce masa ya yi haƙuri, namiji ne shi. Ranar jana'iza wasu suka fara ƙus-ƙus ko za a yi masa salla, limamin unguwa ya ce Musulmi ne, a daidaita sahu, hukuncinsa yana wurin Ubangijinsa. Baba ya ce har ya mutu ba zai manta wa limamin nan wannan ba.

Babbar 'yarsu, wadda ta yi karatun aikin jinya, ita ta fara cewa a daina ɓoyewa. Hajiya ta ƙi, wata da watanni. Abin da ya karya ta, in ji Baba, wata mata ce da take zuwa sayen masa kullum, ranar nan ta tsaya tana kuka a bakin tanda ba gaira ba dalili. Hajiya ta ja ta ciki. Ashe ɗanta ne ya daina magana, ya daina wanka, kalma a kan kalma irin na marigayin. Daga nan aka fitar da benci.

Bencin ba wani abu ba ne, katako ne da ƙafa huɗu, ɗaya an tokare ta da dutse. Wanda ya zauna a kai, Baba zai kai masa shayi ba tare da ya ce uffan ba, in an ɗan rage layi Hajiya ta miƙa wa 'yarta cokalin juyi ta zo ta zauna. Ba ta wa'azi. Wannan ne abin da ya ba ni mamaki, don ni na girma ne a inda in ka ce zuciyarka ba daɗi, kafin ka rufe baki an jawo maka aya uku da labarin wanda ya fi ka shiga uku. Ita sai ta ce, "Tun yaushe?" Sai ta ce, "Kana barci?" Sai ta yi shiru. Ranar Asabar bayan la'asar kuma wata ma'aikaciyar jinya da ta yi shekaru a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa takan zo, abokiyar karatun babbar 'yar. Sista muke ce mata. Kirista ce, daga Tudun Wada take hawo keke har cikin Rikkos. Wanda ya san Jos tun rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, ya san yadda unguwanni suka rabu, ya san wannan tafiyar ba ƙaramar magana ba ce. Ta taɓa ce mini rabin waɗanda ke zama a gabanta, in an bi zaren, sai a tarar da wata rana cikin waɗancan ranakun a ƙarshensa. Mun binne mutane, mun sake gina shaguna, amma abin da idon yara ya gani babu wanda ya tambaye su.

Duk wannan ina kallonsa ne kamar abin da ya shafi wasu, har sai da ya shigo shagona.

Ɗan yayata ne, na kuma nemi izninsa kafin na rubuta wannan, kamar yadda na nemi na Hajiya da Baba. Ya gama difloma, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu, uwarsa ta ce in riƙe shi ya koyi ɗinki. Yaro ne mai hannu, cikin wata shida ya iya wuyan kaftani. Sai ya fara canzawa. Masar da yake cin takwas ta koma biyu. In zo da safe in tarar ya kwana a shago, idonsa ja, ya ce bai runtsa ba. Ɗinkin da yake gamawa kafin azahar sai ya kai magariba, a kuma warware. Ni kuwa na ɗauka ƙwaya ya fara, don abin da muka saba zargi ke nan tun da maganar kodin ta fito fili aka hana shi a 2018. Na caje jakarsa a ɓoye, ban ga komai ba. Wata rana ya ɗauki almakashinsa sabo, wanda ya tara kuɗi ya saya, ya ba ƙaramin yaron shago. Da na yi magana ya ce, "Kawu, da ba na duniyar nan ai da kowa ya huta." Na ce ya ji tsoron Allah, ya yi istigfari, wannan maganar marasa tawakkali ce. Ya ce to. Ni a ganina na yi aikin kawu.

Washegari ina jiran masa na ba Hajiya labarin, har da 'yar dariyata, irin ta yaran zamani ba su da juriya. Ta ajiye cokalin. Masa tana kan wuta, ta bar ta. Ta ce, "Malam Tela, ya rabar da kayansa?" Na ce almakashi ne kawai. Ta ce, "Ɗana agogo ya bayar." Sannan ta ce in koma in tambaye shi, ba kwana-kwana, in ce masa ko yana tunanin kashe kansa. Na ce Hajiya subhanallahi, ai sai in saka masa abin da babu a ransa. Ta sa 'yarta ta kira Sista a waya a take. Sista ta ce wannan tsoron kowa yana da shi, amma masana sun bincika sun ga tambaya ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji an buɗe masa ƙofa. Ta ce in ya ce e, kada in yi faɗa, kada in yi alƙawarin rufa masa asiri, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga inda yake kwana, a kuma kai shi ga likita ba tare da jiran sati mai zuwa ba. In abin ya zo da gaggawa cikin dare, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Na yi ɗinkin Salla na kwana uku ba barci, na fuskanci masu kaya da na yi musu ƙarya sau biyar, amma ban taɓa jin nauyin baki irin na daren nan ba. Sai da yara suka tafi, yana guga ya ba ni baya. Na kira sunansa na tambaye shi da kalmomin da aka ba ni. Ya daɗe yana goge hannun riga ɗaya. Ya ce, "E, Kawu." Ya ce wata uku ke nan. Na rufe shagon, na tafi da shi gidana, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin na kwana a nan. Da safe muka tafi asibiti da uwarsa.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, mai tsanani. Ya rubuta magani, ya ce kada mu sa ran ganin canji kafin sati biyu zuwa huɗu, kuma in ya ji sauƙi kada ya yanke maganin da kansa. Aka ba shi ranar dawowa don zama da mai ba da shawara. Sati ukun farko sun yi tsawo. Uwarsa ta so a haɗa da hayaƙi da turare, Hajiya ta ce mata addu'a kam kada a fasa, ita ma ba ta fasa ba, amma wanda ya karye a ƙafa ana masa addu'a ana kuma kai shi wurin ɗori. Baba kuma yakan ce Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi ƙaranci. Ayar nan ta Suratun Nisa'i da kowa ke jawowa, wadda ta hana mu kashe kanmu, yakan ce a ƙarasa ta mana, ai da rahama ta ƙare: lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku.

Mu Hausawa muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ni da karin maganar nan aka rene ni. Tana da wurinta, a kan sirrin mutane da amanar gida. Amma mun shimfiɗa ta har ta rufe ciwo. Mun kuma mayar da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano abin zolaya, duk wanda ya yi abin mamaki a ce a kai shi can, sannan mu yi mamakin me ya sa saurayi zai gwammace ya mutu da a gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa. Sashen yana nan a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, akwai babban asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, amma mutum nawa ne a layinmu za su ce ga inda za su? Dokar ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa, kafin nan da ta 1958 ake aiki, wadda sunanta kansa dokar mahaukata.

Ranar 10 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don hana kashe kai, ba sa sayar da shayi, rabawa suke yi. Bara babbar 'yar ta rubuta a kwali ta rataye a jikin rumfa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara. Na tsaya ina kallon masu karantawa. Gaskiya adadin bai tsayar da kowa ba, ana karantawa ana wucewa. Wanda ya tsayar da mutane ɗan hoton marigayin ne da Hajiya ta jingina a kan tebur, yana dariya da rigar ƙwallo, don rabin layin sun san shi.

Ba zan ce wurin ba shi da aibu ba. Hayaƙin icce yana cika rumfar in iska ta juyo, mai asma ya zauna a teburin bakin hanya. Ba su da POS, sai tsabar kuɗi ko tiransifa, kuma sabis a lungun sai ka ɗaga waya sama kamar mai neman wata. In Hajiya ta tashi zuwa benci layi yana tsayawa, na ga wanda ya yi tsaki ya tafi, ban kuma ga laifinsa ba, ma'aikaci ne yana sauri. Baba in ya kama ka da labarin hanyar Maiduguri, shayinka zai huce. Takardar da boko kawai aka fara rubuta ta, sai da wani dattijo ya ce shi ajami yake karantawa aka ƙara a baya.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan. Wuri irin wannan yana jawo masu son ba da shawara. Na taɓa ji da kunnena wani mai zuwa kullum yana ce wa wani bawan Allah ya watsar da ƙwayoyin asibiti, wai su ke mayar da mutum sakarai. Allah ya sa Hajiya ta ji, ta ce masa a nan masa ake sayarwa, ba a rubuta magani ba a kuma soke shi. Amma ba kullum kunnenta yake wurin ba. Su kansu ba sa ɓoye cewa su ba likitoci ba ne, aikinsu su saurara su nuna hanya. Sai dai hanyar kuɗi take ci. Akwai gwangwanin madara a kan teburin Baba da ake jefa canji don kuɗin mota da magani, na kuma san ba ya isa, don na ga ranar da aka juye shi bai cika kuɗin maganin wata ɗaya na mutum ɗaya ba. Sannan ita Hajiyar, wa ke tambayarta? Mace ta haura sittin, ta tashi uku na dare ta duba ƙullu, ta kwashi kukan mutane har hantsi. Na faɗa wa 'yarta, ta ce Sista ma ta yi maganar, yanzu ranar Laraba ba a zaman benci, Hajiya tana hutawa.

Abin da na fi yi musu ƙorafi a kai shi ne bencin a fili yake. Duk wanda ya zauna, mai sayen masa yana ganinsa, matan da ke leƙe ta katanga suna ganinsa, kafin azahar labari ya kai bakin famfo. Mata kan samu a shigar da su tsakar gida, maza kuwa sai su zo su yi ta kewaye-kewaye su tafi da ledarsu. Na yi maganar sau biyu, Baba ya ce kuɗin katanga ne babu.

Ɗan yayata ne ya ji muna zancen. Yanzu wata bakwai yana kan magani, ya koma cin masa shida, akwai ranakun da yake tashi da nauyi amma yakan faɗa, shi ke zuwa sayo mana karin kumallo. Ya tattara ragowar shadda koriya da ta yi shekara a ƙarƙashin teburina, ya karɓo aron almakashin da ya bayar, ya haɗa labule mai faɗin yadi huɗu, muka je da igiya da ƙusa muka ɗaura. In kun je za ku gan shi a bayan rumfa, hannun hagu. Ƙasansa ya ɗan karkace ta gefe ɗaya, na ce ya warware ya sake, ya ce Kawu bar shi haka, Hajiya ta riga ta gani ta ce ya yi.